Yadda ake binciken haɗura a wurin aiki kafin tsautsayi ya faɗa

Shekarun baya ina kula da wani ƙaramin injin casar shinkafa a bayan gari, nan Katsina. Wata Laraba bayan azahar aka ɗauke wuta, injin ya tsaya da shanshera a cikinsa. Yaron da ke zuba wa injin, ɗan shekara 19, ya buɗe murfin gefe ya zura hannu zai zaro igiyar buhu da ta naɗe a ciki. Bai kashe makunni ba, don a ganinsa ai babu wuta. Yana cikin ja aka dawo da ita. Yatsu biyu na hannunsa na dama suka tafi.

A asibiti, bayan an naɗe masa hannu, na tambaye shi abin da ya kai shi. Ya dube ni ya ce, "Maigida, ai kullum haka muke yi. In aka ɗauke wuta lokacin ne muke samun sararin share cikinsa." Wannan magana ta daɗe tana ci mini rai. Duk ma'aikatan sun san ana haka, ni da ake ce wa mai kula da wurin ban sani ba, saboda ban taɓa tambaya ba. Daga ranar na shiga neman sanin yadda ake binciken haɗura a wurin aiki, kuma abin da na koya na gwada shi ne zan shimfiɗa a nan. Da injin shinkafa zan yi misali don shi na fi sani, amma mai gidan burodi, mai walda, mai gidan ruwan leda, shugaban makaranta da mai shago a kasuwa duk hanyar ɗaya ce.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Yaran da ke aiki a ƙarƙashinka amana ce iyayensu suka ba ka. Doka ma ta ɗora maka: Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace sassan inji masu haɗari, a kuma ajiye akwatin agajin gaggawa, kuma Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata tun 1994.

Kafin a fara zagaye

Ka raba abu biyu a ranka tun farko. Akwai abin da ke iya cutarwa, kamar bel ɗin da ke juyawa, wayar da ta fashe, ko jarkar fetur. Akwai kuma girman kasadar da ke tattare da shi, wato yiwuwar ya taɓa wani, da munin abin in ya taɓa. Jarkar fetur a rufe cikin ɗaki na daban da jarkar fetur a gefen murhun turara shinkafa duk fetur ne, amma kasadarsu ba ɗaya ba ce.

Kada ka yi aikin kai kaɗai. Ka ɗauki mutum biyu ko uku cikin masu yin aikin da hannunsu: mai tuƙa inji, babban 'yan dako, da mai gyaran wuta in kuna da shi. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Ka riƙi littafi, biro, da waya don ɗaukar hoto. Ka zana taswirar wurin a shafin farko, ko da ba ta yi kyau ba, ka raba shi gida-gida: bakin ƙofa inda motoci ke sauke kaya, wurin turara, filin shanya, ɗakin inji, sito, wurin janareta, ofis, bayi da wurin alwala.

Sai ka tara ma'aikata ka faɗa musu da bakinka cewa ba laifin kowa ake nema ba, kuma ba wanda za a kora ko a yanke wa kuɗi don ya faɗi gaskiya. In ba ka yi haka ba, ranar zagayen kowa zai nuna maka aiki tsaf, kana juya baya a koma yadda aka saba.

Mataki na farko: zagaye da ido, da kunne, da hanci

Nan ne yawancin aikin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Ka bi kaya tun daga shigowarsu har fitarsu, ka tsaya a kowane wuri aƙalla minti 10 kana kallon yadda ake yi. Zagaye ɗaya bai isa ba. Ka zo da safe, ka zo da tsakar rana lokacin da jiki ya mutu, ka zo da dare in ana aikin dare. Ka kuma tabbata ka ga lokutan da aiki ya fita daga yadda aka saba: sa'ad da aka ɗauke wuta, sa'ad da inji ya toshe, lokacin shara da gyara, da ranar da mota uku suka zo tare kowa yana sauri. Mafi yawan raunukan da na gani a irin waɗannan lokuta suka faru.

A ɗakin inji ka dubi duk abin da ke juyawa. Bel a buɗe yake? Mutum mai babbar riga ko doguwar jallabiya zai iya giftawa kusa da shi? Ina makunnin yake, kuma in wani ya maƙale, na kusa da shi zai kai ga kashewa cikin daƙiƙa nawa? Ka tsaya kamar mita 1 daga abokin zagayenka ka yi masa magana. In sai ka ɗaga murya zai ji, ƙarar ta kai kusan ma'auni 85 na desibel, kuma wanda ke wuni awa 8 cikin irin wannan kullum jinsa yana raguwa a hankali, ba ya kuma dawowa. Ka shafa yatsa a kan katakon rufi. Ƙurar ƙaiƙayi da ka gani a yatsanka ita ce ke shiga huhun yaran, ita ce kuma ke kama wuta da ƙaramin tartsatsi.

A wajen wuta ka duba wayar da aka haɗa da leda a madadin salatif, soket ɗaya da aka loda wa na'urori huɗu, fiyus da aka maye gurbinsa da waya mai kauri, da allon makunnai da ruwa ke zuba kusa da shi. Ka taɓa jikin soket daga waje da bayan hannu, in da ɗumi akwai matsala. Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ba ya buƙatar a yi masa bayanin yadda dukiyar shekaru ke zama toka cikin 'yan awoyi.

Janareta yana da haɗari na musamman, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai ji ciwon kai da jiri, ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. Lokacin hunturu na taɓa samun mai gadinmu, dattijo, ya shimfiɗa tabarma a ɗakin janareta ya ja ƙofa. Na ce, "Baba, me ya kawo ka nan?" Ya ce, "Ɗana, nan ne da ɗumi." Ban taɓa sanin yana kwana a can ba sai da na zo zagayen dare.

A sito ka dubi tsawon jerin buhuna da yadda aka ɗora su. Jeri ya karkata? Ana zaro buhu daga ƙasa? Ana hawa a kan buhuna ko da tsani? Ka tambayi irin maganin ƙwari da ake sawa. Ƙwayar Phostoxin da ake sa wa hatsi tana fitar da iska mai guba da zarar ta sha danshi, kuma iskar tana ratsawa ta ƙofa da tsagar bango zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka. Fiya-fiya da aka zuba a robar lemo ko ta ruwa, yaro mai jin ƙishi ba zai bambance ba.

Kada ka manta da abubuwan da ba sa zubar da jini nan take: ɗaukar buhu mai kilo 100 a ka ko a gadon baya sau hamsin a wuni, tsayuwa a filin shanya a watan Afrilu da Mayu lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, musamman in azumi ya faɗo a bazara, da rashin ruwan sha mai tsabta.

Daga ƙarshe ka ja kowane ma'aikaci gefe ka yi masa tambayoyi uku. Wane aiki ne gabanka ke faɗuwa in za ka yi shi? Yaushe ne saura ƙiris ka ji ciwo Allah Ya kiyaye? In kai ne mai wurin, me za ka fara gyarawa? Amsar tambaya ta biyu ita ce mafi tsada. Duk "saura ƙiris" gargaɗi ne da aka ba ka kyauta. Bayan abin da ya sami yaron nan, sai da mutum uku suka gaya mini su ma injin ya taɓa tashi hannunsu na ciki, suka fizge da kyar.

Mataki na biyu: wa abin zai taɓa?

A gaban kowane haɗari ka rubuta waɗanda zai iya samu, da yadda zai same su. Kada ka tsaya kan masu albashi. Akwai 'yan dako na rana ɗaya, direbobi da yaran mota, matan da ke kawo 'yar shinkafarsu da goyo a baya, almajiran da ke shigowa kwasar dusa, mai kawo abinci, da maƙwabtan da ƙura da hayaƙi ke shiga gidajensu. Sabon yaro da ya zo satin nan ya fi kowa shiga haɗari, don bai san wuri ba kuma yana jin nauyin tambaya. Mai ciki, mai asma, mai farfaɗiya da wanda ba ya ji sosai kowanne yana buƙatar a duba aikin da aka ba shi. Wanda ba ya karatun boko kuwa, allon gargaɗi da Turanci bai amfane shi da komai ba.

Mataki na uku: auna nauyin kowanne

Za ka tashi da jerin abubuwa talatin ko arba'in, kuɗi da lokaci ba za su ishe su duka a tare ba. Sai a auna. Ka ba kowane haɗari maki biyu. Na farko yiwuwar faruwarsa, daga 1 zuwa 5: 1 da wuya ƙwarai, 3 yakan faru jefi-jefi, 5 kusan tabbas ne. Na biyu muninsa in ya faru: 1 ƙujewa ce da za a wanke a ci gaba da aiki, 2 sai an je kemis, 3 jinyar kwanaki, 4 rasa gaɓa ko nakasa, 5 mutuwa. Sai ka ninka su, sakamakon zai faɗa tsakanin 1 da 25.

Ga yadda namu ya fito. Zura hannu a inji lokacin ɗauke wuta: yiwuwa 4, muni 4, maki 16. Shaƙar ƙura kullum ba kariya: 5 sau 3, maki 15. Tuntuɓe da tsintsiyar da aka yar a hanya: 3 sau 1, maki 3. Ni a wurina daga 15 zuwa sama a dakatar da wannan aikin har a yi wani abu a kai yau ɗin nan. Daga 8 zuwa 12 a sa masa rana cikin sati biyu zuwa wata. Ƙasa da haka a gyara in da hali, a riƙa sa ido.

Lissafin nan taimako ne ga hankali, kada ya rufe maka ido. Kwanan Baba a ɗakin janareta ya ba da 2 sau 5, maki 10, amma ban jira sati biyu ba, a daren na ba shi bargo da makullin ofis. Duk abin da muninsa ya kai 5, ina ɗaukarsa na gaggawa komai ƙanƙantar yiwuwarsa. Kuma ka bar ma'aikata su yi gardama da kai kan makin. Sau da yawa abin da na ba 2 su sukan ce 4 ne, kuma su ne da gaskiya.

Mataki na huɗu: zaɓen magani, daga tushe zuwa reshe

Kuskuren da na fi gani shi ne mai wuri ya je kasuwa ya sayo safar hannu da takunkumi ya raba, ya ce ya gama. Kayan kariya su ne na ƙarshe a layi, domin sun dogara ga mutum ya tuna ya sa su kullum cikin zafi da gajiya. Ga kowane haɗari ka bi tambayoyin nan a jere, kada ka sauka zuwa ta gaba sai wadda ke sama ta gagara.

Za a iya kawar da abin gaba ɗaya? Mun daina ajiye fetur da gas a ɗakin inji, muka gina musu ɗan ɗaki can gefen katanga. Janareta ya koma waje ƙarƙashin rumfa, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6.

In ba zai kawu ba, za a iya musanya shi da mai sauƙi? Buhu mai kilo 50 a maimakon mai 100. Buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke toshe iska su kashe ƙwari ba tare da magani ba, a maimakon ƙwaya.

In wannan ma bai yiwu ba, a raba mutum da haɗarin ta hanyar gyaran inji ko gini. Nan ne kuɗi ke yin amfani. Mai walda ya yi mana keji na raga a kan kowane bel, wanda ba ya buɗuwa sai da sifana. Mai gyaran wuta ya sa mana makunni irin wanda yakan saki da kansa in an ɗauke wuta, ko an dawo da ita injin ba zai tashi ba sai an danna kore, wato maɓallin kunnawa. Da wannan makunni yana nan tun farko, da yaron nan yana da yatsunsa goma, kuma kuɗinsa bai kai rabin abin da muka kashe a asibiti ba. Muka sa na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara bin jikin mutum, muka huda tagogi a sama, muka sa fanka mai zuƙe ƙura, muka sayi baro biyu don jigilar buhu.

Bayan wannan sai tsarin aiki. Dokarmu ta farko: ba mai sa hannu cikin inji sai ya kashe babban makunni, ya rufe akwatinsa da kwaɗo, makullin yana aljihunsa shi kansa, sannan ya danna kore ya tabbatar bai tashi ba. Ba babbar riga a ɗakin inji. Jerin buhu yana da iyakar da muka ja da fenti a bango. A bazara aikin shanya da lodi ya koma sassafe da bayan la'asar, da randar ruwa a inuwa. In an sa ƙwaya a sito a rufe shi da kwaɗo, ba mai kwana a ɗakin da ke jikinsa, kuma a buɗe ƙofofi ya sha iska sosai kafin kowa ya shiga. Yara da almajirai su karɓi dusa a bakin ƙofa. Gargaɗi kuwa da Hausar boko, da ajami, da zane.

Sai a ƙarshe kayan kariya: takunkumin da ke tace ƙura ya kuma kama fuska sosai, abin toshe kunne, takalmi mai ƙarfe a baki, tabarau ga mai walda. Mai wuri ne zai saya, kada a cire a kuɗin yaro. Abu ɗaya da mutane ba su sani ba: safar hannu kusa da abin da ke juyawa ƙarin haɗari ce, don inji yakan kama safar ya ja hannun.

Mataki na biyar: a rubuta, a sa suna da rana

A Ingila doka ta wajabta rubutawa ga duk mai ma'aikata 5 zuwa sama. Ni shawarata ko mutum biyu ne gare ka ka rubuta. Ka ja layuka a littafi: haɗarin, wanda zai taɓa, abin da ake yi a kai yanzu, maki, abin da za a ƙara, wanda zai yi, ranar gamawa, da makin bayan gyara. Layuka biyu ne ran takardar, na suna da na rana. "Za a gyara waya" ba ya gyara waya. "Mai gyaran wuta zai canja wayar sito kafin Juma'a, manaja zai ba da kuɗi ranar Talata" shi ne ke gyarawa. Ka karanta wa ma'aikata abin da aka rubuta da Hausa, ka liƙa kwafi inda kowa zai gani.

A shafi na daban ka rubuta abin da za a yi in duk da haka wani abu ya faru. Tukunyar kashe gobara mai hoda a bakin kowace ƙofa, a duba allurarta kowane wata, kowa ya taɓa riƙe ta ya san yadda ake zare fil. Ba a watsa ruwa a gobarar fetur ko ta lantarki. Ƙofar fita kada a tare ta da buhu ko na minti ɗaya. Lambar 'yan kwana-kwana da lambar gaggawa ta 112 a rubuce a bango, da sunan asibitin da za a nufa da wanda zai tuƙa. Ƙuna, a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi yana zuba na minti 20, ba man goge baki, ba ƙwai, ba gishiri. Wanda wuta ta kama, a kashe makunni kafin a taɓa shi. In gaɓa ta yanke, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, gaɓar a naɗe ta a sa a leda a ɗaure, ledar a ɗora kan ƙanƙara, a tafi da ita asibiti tare da shi.

Ka kuma yi wa ma'aikatanka rajista da NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a wurin aiki. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata, kuma in wani ya ji rauni a kai rahoto cikin kwana 7.

Komawa kai

Takardar tana tsufa. Ka sake zagayen aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma duk lokacin da aka kawo sabon inji, aka canja gini, aka ɗauki sabbin mutane, ko wani ya ji ciwo. Mu sau biyu muke yi: kafin kaka, lokacin da shanshera za ta fara shigowa da sabbin 'yan dako, sai kuma ƙarshen Afrilu, wanda ya zo daidai da tsananin zafi da ranar 28 ga wata da duniya ta ware don lafiyar ma'aikata. A kowane zagaye abin da nake fara dubawa shi ne ko an cire kejin bel an jingine shi a bango, don bakanike yakan cire ya manta bai mayar ba.

Mun ajiye wani ƙaramin littafi a rataye kusa da randar ruwa, muna ce masa littafin saura ƙiris. Wanda ba ya rubutu yakan faɗa a rubuta masa. Yaron nan da ya warke ya dawo aiki, shi muka damƙa wa littafin da kwaɗon babban makunni, kuma duk sabon da aka ɗauka shi ne ke zagayawa da shi ranar farko kafin a bar shi ya taɓa buhu.